Tsohuwar Tufa, Sabuwar Sana'a

Babu kasuwar da ke ci a ƙasar Nijar, babba ko ƙarama, wadda ba a kasa kayan gwanjo a cikinta. Daga Katako ta Yamai zuwa Kasuwar Dole ta Damagaram, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwannin ƙauye masu ci sau ɗaya a mako, duk inda mutum ya duba zai tarar da tulin riguna da wanduna da labule da zannuwan gado waɗanda wasu suka yi amfani da su a wata ƙasa, suka gaji da su, suka yar. Wasunmu na ce musu gwanjo, wasu na ce musu bosho. Manomi na sa su, ɗan makaranta na sa su, ma'aikacin biro ma na sa su, ko da ba ya son a sani. Tun da haka al'amarin yake, lokaci ya yi da za mu bar yin kamar ba mu gani ba, mu yi wa kanmu tambaya guda: waɗannan kaya da ke kwararo mana ba dare ba rana, za mu bar su su zame mana nauyi ne, ko kuwa za mu maida su jari?

Abin da ya sa muka tada maganar shi ne wata sana'a da ke tasowa a wasu biranen Afirka, wadda kuma ba ta fi ƙarfin matanmu da samarinmu ba. Mai sana'ar yakan sayi tsohuwar tufa don ƙyallen da ke jikinta. Ya wanke ta, ya warware ɗinkinta, ya yanka ta bisa wani sabon fasali na kansa, ya haɗa ta da wani ƙyallen, ya fito da rigar da babu irinta a kasuwa. Ra'ayinmu shi ne wannan sana'a ta cancanci a girmama ta, a koyar da ita, a kuma buɗe mata kasuwa. Amma akwai sharuɗɗa, akwai kuma iyakar da bai kamata mu manta da ita ba. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Daga ina kayan ke fitowa

Yawancin gwanjo na fitowa ne daga ƙasashen Turai da Amurka, a shekarun baya-bayan nan kuma har da ƙasar Sin. Can mutane na zuba tufafin da ba su so cikin manyan akwatuna da aka ajiye a bakin hanya, ko su kai wa ƙungiyoyin agaji. Kaɗan ne daga ciki ake saidawa a can. Sauran sai a saida su ga kamfanonin da ke tantancewa, su ware riguna dabam, wanduna dabam, kayan yara dabam, mai kyau dabam, mai dama-dama dabam. Daga nan a matse su da inji, a ɗaure su dila-dila, kowace dila ta kai kilo 45 zuwa 55, a loda wa jirgin ruwa. Kyauta aka bada su a farkon hanya, amma kafin su iso mana kowane hannu da suka bi ya ci ribarsa.

Da yake ƙasarmu ba ta da teku, kayan na sauka ne a tashoshin maƙwabta, musamman Kwatano da Lome, sa'an nan manyan motoci su hauro da su. Bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, mai saye a kasuwa ya ji a jikinsa. Kuma ba duk abin da ya shigo ke tsayawa nan ba. Najeriya ta daɗe da hana shigo da tsofaffin tufafi ta tashoshinta, saboda haka shekara da shekaru wani kaso na kayan ya riƙa bi ta Maraɗi da Birnin Ƙonni ya gangara kasuwannin kudu.

Masu shekaru a cikinmu na tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Dare ɗaya yadin kanti da atamfar waje suka yi tsada, magidanta da yawa waɗanda a da suke ɗinka wa iyalinsu sabo suka koma rumfar mai gwanjo. Tun daga nan ba a sake komawa baya ba.

Wani abu kuma ya canja a can inda kayan ke fitowa. Kamfanoni na ɗinka tufafi masu araha da yawan gaske, waɗanda ake sawa ƴan lokuta a yar, kuma galibinsu zaren roba ne ba auduga ba. Saboda haka dilar yau ba ta kai ta jiya kyau ba. Tun daga ranar 1 ga Janairu 2025 kuma, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta su riƙa tara tsofaffin tufafi dabam da sauran shara. Duk abin da aka tara sai an nema masa inda za a kai shi, mun kuwa san inda ake duba.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya, ya dubi kasuwar Kantamanto ta birnin Akara a Gana. Wata ƙungiya mai suna Or Foundation, wadda ke aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shiga can kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na fita a matsayin shara. Tsummokaran sun toshe magudanan ruwa, sun cika bakin teku. A farkon Janairu na 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar, dubban mutane suka rasa jarinsu. Mu da muke fama da ledoji a kwalbatocinmu kowace damina, ba mu da bukatar a ƙara mana tsumman roba a kansu.

Hani ba zai yi magani ba

Akwai masu cewa a hana shigo da gwanjo baki ɗaya, a huta. Niyyarsu mai kyau ce, domin suna kishin masaƙa da telan gida. Amma a dubi abin da ya faru da waɗanda suka gwada. A 2016 ƙasashen gabashin Afirka suka shirya daina shigo da tsofaffin tufafi kafin 2019. Amurka ta yi barazanar janye musu rangwamen kuɗin fito da take ba su ƙarƙashin tsarin AGOA. Kenya da Tanzaniya da Uganda suka ja da baya. Ruwanda kaɗai ta tsaya a kan ƙarin kuɗin fiton da ta yi, a 2018 kuwa Amurka ta dakatar da rangwamen da take yi wa tufafin Ruwanda. Wannan ya nuna cewa cinikin tsumma ba ƙaramin ciniki ba ne, manyan ƙasashe na tsaye a bayansa.

Ban da haka, Ruwanda ƙaramar ƙasa ce mai iya tsaron iyakarta. Mu kuwa iyakarmu da Najeriya kaɗai ta kai wajen kilometir 1,500. Najeriya da ta hana, ba ta rasa gwanjo a kasuwanninta ko na rana ɗaya ba, abin da hanin ya haifar shi ne fasa-ƙwauri. Kuma hanin bai ceci masaƙunta ba: masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta. Tamu ta Yamai, wadda iyayenmu suka sani da SONITEXTIL, kafin a saida ta ta koma ENITEX, ita ma ba ta iya tsayawa gaban kayan waje masu araha ba.

Sa'an nan a tuna da talaka. Idan ɗari ya sauko a watan Disamba, rigar sanyin da ke jikin ɗan makiyayi a Abalak ko ɗan talla a Tasawa, daga dila ta fito. Wanda ya hana ta ba tare da ya kawo madadinta ba, bai taimaki kowa ba. Ke nan gwanjo zai ci gaba da shigowa, ko muna so ko ba mu so. Abin da ke hannunmu shi ne mu zaɓi irin wanda zai shigo, mu kuma san abin da za mu yi da shi.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Maida tsohon abu sabo ba dabarar da aka kawo mana daga waje ba ce. Duk wanda ya shiga Katako ya ga maƙera na narka tsohon alminiyom suna zuba tukwane, ya ga ana yanka tsohuwar taya ana fidda takalma da guga, ya ga tsohuwar tano ta koma murhu ko akwati. Iyayenmu mata kuwa ba su taɓa yar da zane don ya tsufa ba: ya koma goyo, daga goyo ya koma gammo, daga gammo ya koma tsumman ɗaukar tukunya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A Senegal, mabiyan Shehu Ibra Fal, waɗanda ake kira Bay Fal, sun maida rigar da aka haɗa da guntayen ƙyalle masu launi-launi alamar da ake gane su da ita, ba sa jin kunyarta. A Kampala ta Uganda, wani mai tsara tufafi da ake kira Bobby Kolade ya kafa kamfanin Buzigahill, yana sayen gwanjo yana sake fasalinsa, tun 2022 kuma yana saida shi ga mutanen ƙasashen da suka turo shi. Kayan da aka yar ya koma inda ya fito, da sabon suna da sabon farashi.

Abin da ya bambanta wannan sana'a da facin da muka saba shi ne tsari. Mai faci na toshe huda ne don rigar ta ƙara kwana. Mai wannan sana'a kuwa tun kafin ya sa almakashi ya riga ya ga rigar da za ta fito, ya san wanda zai sa ta, ya san abin da zai biya.

Yadda aikin yake

Aikin na farawa ne daga zaɓe, nan kuma ake ci ko a faɗi. Mai sana'a ba ya duban yayin riga, ƙyallen yake dubawa. Yana neman abu mai faɗi wanda za a fidda yanki babba a jikinsa: zanen gado, labule, ƙyallen tebur, babbar rigar maza, wandon jin. Ya ɗaga shi sama ya duba ta hasken rana, inda ya sille zai bayyana. Ya ja shi da hannu biyu ya ji ko zaren ya mutu. In yana shakkar auduga ce ko roba, ya zare ƴan zaruruwa daga bakin ƙyallen ya sa musu ashana: auduga na ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. A ƙasa mai zafi irin tamu, wannan gwaji kaɗai ya isa ya raba rigar da za a so da wadda za a sa sau ɗaya a rataye.

Bayan zaɓe sai wanki. A jiƙa kayan, a wanke da sabulu da ruwan zafi, masu launi dabam farare dabam, a shanya a rana sosai, a goge da dutsen guga mai zafi. Wanki kafin yanka na da amfani biyu: yana fidda datti da warin dila, yana kuma nuna ƙyallen da ke zuba ko mai tsukewa tun bai ɓata aiki ba. Daga nan a warware ɗinki da reza a hankali. Maɓallai da zif da aljihu da ƙugiya duk a adana su cikin gwangwani, domin kowanensu kuɗi ne da ba za a sake kashewa ba.

Sai yanka. A nan ne mai koyo ya fi yin kuskure, domin sabon yadi na yafe wa mai ɓarna, tsohon ƙyalle kuwa ba ya yafewa, in ka ɓata shi ba za ka samu irinsa a kanti ba. Saboda haka a fara zana fasalin a takarda, ko da takardar buhun siminti ce, a yanka ta, a shimfiɗa bisa ƙyallen, a kauce wa tabo da inda ya sille. A kuma bi tsawon zare wajen yankan, in ba haka ba rigar za ta karkace bayan wanki ɗaya. Wajen haɗi kuma a haɗa mai nauyi da mai nauyi, marar nauyi da marar nauyi. Wanda ya haɗa jin da siririn ƙyalle, wurin ɗinkin ne zai fara yagewa.

Me ake fiddawa? Babbar rigar maza guda na bada rigar yarinya har da ɗan kallabi. Ƙafafun wandon jin na bada jakar makaranta mai shekara biyu ba ta yage ba. Labule mai kauri na bada rigar sanyi ko jakar kasuwa. Zanen gado na auduga, in aka kai shi marina, sai ya dawo kamar ba shi ba. Guntayen da suka rage a haɗa su a yi bargo ko shimfiɗar jariri, ƙananan da ba su ɗinkuwa a cusa su cikin matashin kai. Shagon da ya san aikinsa, abin da yake sharewa da yamma bai cika tafin hannu ba.

Inda ɗan Nijar zai fi kowa kuwa shi ne wajen sa hannunsa na gado. Tsohon ƙyalle kowa na iya samunsa, a Akara ko a Kampala. Amma ƙyallen da aka yi wa baki da saƙin gida, ko aka ɗora masa yanki na tera-tera, ko aka yi masa hannu da jan fatar Damagaram, ko aka yi masa aikin allura irin na wuyan babbar riga, wannan namu ne, ba wanda zai kwaikwaye shi da inji. Ta haka sana'a guda za ta jawo masaƙi da marini da baduku su ci abinci tare da tela.

Lissafi shi ne rabin sana'a

Ƴan uwa masu karatu, sana'o'i da yawa sun mutu a garuruwanmu alhali masu su gwanaye ne, abin da ya kashe su rashin lissafi. Wannan sana'a ta fi kowace shiga wannan haɗari, domin kayan aikinta na da araha, sai mai ita ya ga kamar duk abin da aka ba shi riba ne. Ya manta cewa abin da bai kashe a yadi ba ya kashe shi a lokaci, domin warwara da haɗi sun fi ɗinkin sabon yadi cin rana.

Mu yi misali, kowa ya sa farashin garinsu a madadin namu. A ce mace ta sayi tsofaffin riguna na jikka 2. Sabulu da zare da gawayin guga sun ci dala 100, watau sefa 500. Rabon wannan aiki a kuɗin hayar shago da patanti da gyaran keke, a ce wata dala 100. Ta yi kwana biyu tana aiki, a ce ladan hannunta jikka 3. Jimla jikka 6 ke nan. In ta fidda rigunan yara uku, kowace ta tsaya mata a jikka 2 tun ba a yi maganar riba ba. Ranar da ta saida ɗaya a jikka 1 da rabi tana murna don ta fi kuɗin ƙyalle, ranar ta yi wa mai saye aiki kyauta. Wanda ya iya karatu da rubutu, ko a makaranta ya koya ko a ajin yaƙi da jahilci, yana da makamin da zai kare kansa: ɗan littafi guda, shafin hagu abin da ya fita, shafin dama abin da ya shigo, da wani littafin na awon masu saye.

Maganar jari kuma, kada mai farawa ya yi gaggawar sayen dila. Dila a ɗaure ake saida ta, ba a buɗewa sai an biya, wanda ya sa duk jarinsa a cikinta caca ya yi. Gara ya fara da tsinta a rumfar masu kasawa, da sassafe ranar da aka fasa sabuwa, ko da yamma lokacin da ake karya farashin abin da ya kwana. In mutum biyar ko goma suka haɗa kai, sa'an nan suna iya sayen dila su raba, asarar ta zo da sauƙi, ribar ta isa kowa. Ba sai mun je nesa neman wannan dabara ba. A jahar Maraɗi ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, inda mata ke zuba ɗan abin da suka samu kowane mako suna ba juna rance. Tsarin ya yi kyau har ƙasashe da dama suka ɗauka. Asusun da ya saya wa mace akuya yana iya saya mata keken ɗinki.

Wajen saidawa, hanyoyi sun fi na da yawa. Akwai shago, akwai gidan biki da suna, akwai ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata da rumfunan gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, akwai baje kolin SAFEM na sana'ar mata, ga kuma wayar hannu, inda hoto guda a WhatsApp ko Facebook ke kai riga garin da mai ita bai taɓa zuwa ba. Sharaɗi ɗaya ne ba mu yarda a taɓa shi ba: a faɗa wa mai saye gaskiya. Wanda ya saida tsohon ƙyalle da sunan sabo ya yi algus, ya ci haram, ya kuma ɓata sunan duk masu sana'ar.

Amsa ga masu ƙyama

Mun san abin da ake faɗi. Wasu na cewa kayan matattu ne. A Gana ma sunan da ake kiran gwanjo da shi ke nan, tufafin mataccen Bature. Gaskiyar magana ita ce yawancin masu kayan na nan da ransu, yawan da ya yi musu ne ya sa suka yar. Ko da kuwa na mamaci ne, mu da muke raba tufafin iyayenmu a gado muna sawa, ina abin ƙyama a ciki? Wasu na tsoron cuta ko najasa. Wannan tsoro na da dalili, maganinsa kuwa ruwa da sabulu da rana da guga, shi ya sa muka sa wanki a gaban yanka. Wasu teloli kuma na ganin za a rage musu ciniki. Su duba da kyau: telan da gwanjo ya raba da masu kawo ɗinki, wannan ce hanyar da zai ci daga abin da ya cinye shi.

Akwai kuma wani lissafin da bai kamata ɗan Sahel ya raina ba. Masana sun ƙiyasta cewa kafin a samu ƴar riga guda ta auduga, daga gona zuwa masaƙa, ana kashe ruwa wajen litir 2,700. Mutanen da suka san wahalar jan guga a rijiya mai gaba talatin ba su ne za su ƙone irin wannan abu a juji ba alhali yana da sauran amfani.

Abin da muke roƙo

Ga hukumomin duwan da na kasuwanci: a bambanta tsakanin tufa da shara. Dilar da rabinta yagaggen tsumman roba ne ba ciniki ba ce, juji ne wani ya biya kuɗin mota ya kawo mana. A sa ido a kan ingancin abin da ke shigowa, a kuma ji kukan ƙananan masu kasawa, domin su ne ke ɗaukar asarar.

Ga cibiyoyin koyon sana'a da gidajen koyar da mata, da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, da majalisar masu sana'ar hannu CMANI: a sa wannan aiki cikin darussan ɗinki. Ɗalibin da ke koyo da tsohon ƙyalle ba ya tsoron almakashi, iyayensa kuma ba sa kashe kuɗin yadi. A haɗa masa da darasin awo da zanen fasali da riƙon littafin lissafi.

Ga magadan gari: a ware wa masu wannan aiki wuri kusa da rumfunan gwanjo, yadda abin da bai saidu ba zai wuce hannun maɗinki kafin ya kai kwalbati. A kuma sassauta musu patanti a shekarun farko. Tun 2014 ƙasarmu ke da dokar hana ledoji marasa kauri, amma har yau suna rataye a ƙayoyi, suna kashe mana bisashe. Dalili ɗaya shi ne ba a ba mutane abin da za su riƙe a madadinsu ba. Jakar ƙyalle da aka ɗinka a unguwa na iya cike wannan gurbi.

Ga ma'aikatan gwamnati kuma, ku da kuke shirya taruka kuna sa hannu a takardun saye: kowane taro ana raba jakunkuna, kowace shekara ana raba wa ɗalibai kayan makaranta. In kashi kaɗan na wannan ciniki ya koma hannun ƙungiyoyin maɗinka na jahohinku, shaguna da yawa za su tsaya da ƙafafunsu. Kuma ranar da aka ga shugaban ma'aikata ya rataya irin wannan jaka ba tare da jin nauyi ba, ranar kunyar abin za ta fita daga zukatan mutane.

Iyakar maganar

Kada dai a ɗauka muna cewa arzikin ƙasa zai ginu bisa tsumman wasu. Kayan aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ke noman auduga a Gaya da Madawa da Ƙonni, wadda ke da masaƙa da marina tun kafin zuwan Turawa, bai dace ta zauna har abada tana jiran abin da wasu suka tuɓe ba. Maƙwabtanmu na Burkina Faso, tun zamanin Toma Sankara, sun ɗaukaka saƙinsu na Faso Dan Fani har ya zama abin alfahari. Mu ma Alfadi ya nuna a 1998, lokacin da ya tara masu tsara tufafi na duniya a Tigidit kusa da Agadas don bikin FIMA na farko, cewa Nijar na da abin nunawa a wannan fage. Can muka nufa.

Amma masaƙa na bukatar jari mai yawa da wutar lantarki da shekaru, ga shi kuwa kusan rabin ɗiyan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, kowace shekara dubbai na fitowa neman abin yi. Ba za mu ce su naɗe hannu sai ranar da aka gina masaƙa ba. Yarinyar da ta koyi awo da yanka da lissafi a kan tsohon labule, ita ce gobe za ta ɗinka saƙin gida in ya wadata, kuma za ta same shi da gwanintarta a hannu da masu sayenta a ƙofa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Keken ɗinki da almakashi da ɗan littafin lissafi, wannan gatarin na hannunmu tun yau, saura mu wasa shi.

Allah ya sa albarka a sana'ar hannuwanmu, ya ba ƙasarmu lafiya da wadata.